Yadda Ake Tafiyar da Shirin Gwamnati na Farfaɗo da Unguwar da Bashi Ya Cinye Gidajenta

Duk wanda ya taɓa zama a lungun da aka rufe gida saboda bashi ya san yadda abin yake farawa. Da fari kwaɗo ne kawai a ƙofar zaure da takardar kotu manne a bango. Idan damina ta sauka, sai indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta fara ruɓewa, katangar da gidan ya haɗa da maƙwabci ta jiƙe har ta tsage. Kafin shekara ta zagayo an ɓalle tagogi, an zare wayoyin lantarki, kangon ya zama juji da rana, da dare kuma matattarar masu shaye-shaye. Na ga wannan da idona a wata unguwa ta cikin birnin Kano, inda wata dattijuwa ta daina barin jikokinta su fita bayan magariba, dillali kuma ya gaya wa ɗanta cewa kuɗin gidansu ya faɗi, alhali su ba su ci bashin kowa ba.

Wannan bayani na wanda aka ɗora wa nauyin tafiyar da shirin gwamnati ne domin ceto irin wannan unguwa, ko jami'in ma'aikata ne ko shugaban ƙungiyar da aka ba kuɗin aiki. Akwai darasi mai yawa daga Amurka. Bayan rugujewar kasuwar gidaje a can, majalisar ƙasar ta kafa shirin daidaita unguwanni da ake kira NSP a shekarar 2008, ta ware masa dala biliyan 3.92, ta ƙara biliyan 2 a 2009 da biliyan 1 a 2010, ma'aikatar gidaje da raya birane ta tarayya kuma ita ce ta raba kuɗin ga jihohi da ƙananan hukumomi domin su sayi gidajen da bankuna suka ƙwace, su gyara su, su sayar ko su ba da haya, waɗanda suka lalace ƙwarai kuma a rushe su. Kuɗin yana da yawa a baki, amma gidajen da aka ƙwace miliyoyi ne, kuma wahalhalun da masu aikin suka sha su ne za su fi amfanar da mu.

Sai dai ka fara da sanin cewa Kano ba Amurka ba ce. Mafi yawan gidajenmu ba da bashin banki aka saye su ba. A nan gida yakan salwanta ne idan ɗan kasuwa ya ajiye takardar shaidar mallaka a banki ya karɓi jari, sannan gobara ko faɗuwar naira ta karya shi, ko kuma idan mutum ya jinginar da gidansa ga wani attajiri da 'yar takarda da shaidu biyu. Sau da yawa kuma mai gidan yakan rasu da bashin a kansa, sai maganar ta cakuɗe da rabon gado. Saboda haka aikinka na farko shi ne ƙidaya da ƙafa. Ka ɗauki mai unguwa da limamin masallacin lungun ku bi gida gida, domin su ne suka san wanda aka rufe, da wanda magada suke shari'a a kai, da wanda har yanzu akwai mutane a ciki amma wa'adin mai bin bashi ya kusa cika. Kada ka dogara da jerin da banki zai ba ka, domin jinginar da aka yi a zaure ba ta cikin littafin kowa.

Wannan rukuni na ƙarshe, wato gidajen da iyali suke ciki, su ne suka fi cancantar kulawarka, ko da yake ba su ne suke fitowa da kyau a hoton bikin buɗe aiki ba. Gidan da ake kwana a cikinsa ana share shi, ana yaɓe shi kafin damina, kuma hana shi zama kango ya fi gyara kango araha nesa ba kusa ba. Ka ware wani kaso na kuɗin domin sulhu: a zaunar da mai bashi da mai bin bashi a gaban mai unguwa ko hakimi, a tsawaita wa'adi, a rubuta sabon tsarin biya, a sa hannu a gaban lauya. Idan 'yan haya ne a ciki, ka tabbata an ba su lokaci. A Amurka sai da aka yi doka ta musamman a 2009 da ta wajabta ba wa ɗan haya sanarwar kwana 90 kafin a tashe shi daga gidan da aka ƙwace, domin an ga mutanen da suke biyan hayarsu a kan kari ana fitar musu da kaya titi saboda bashin mai gida.

Daga nan sai takardu, kuma a nan ne na fi so ka daɗe. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, ta kuma ce ba a sayar da gida mai takardar shaidar mallaka ko a jinginar da shi sai da amincewarsa. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jinginar da aka yi ba da wannan amincewa ba ba ta inganta ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce, bankin da yake son sayar maka da gida yana iya zama shi kansa ba shi da ikon sayarwa. Kafin ka biya ko kwabo, ka sa lauya ya yi bincike a hukumar KANGIS mai adana bayanan filayen Kano da ma'aikatar filaye, ya duba ko an yi wa jinginar rajista, ya kuma leƙa kotun shari'ar Musulunci ta yankin ko akwai ƙarar gado a kan gidan. Idan gidan gado ne, sai kowane magaji ya sa hannu, har da mata da suka yi aure a wani gari da marayun da waliyyi zai tsaya musu. Magaji ɗaya da aka tsallake ya isa ya tsayar da aikin shekaru, bayan ka riga ka zuba siminti da kwanon rufi.

Wannan jinkiri na takardu yana karo da wa'adin kashe kuɗin gwamnati. A zagayen farko na shirin Amurka wata 18 kawai aka ba hukumomi su ɗaure kuɗin a kan takamaiman aiki, kuma da yawansu sun sha wahalar cika wa'adin. A wajenmu kasafi na shekara ne, kuɗin kuma yakan fito a makare, sai a shiga gaggawar sayen duk gidan da ya samu domin kada a mayar da kuɗi baitulmali. Maganin wannan shi ne ka kammala ƙidaya da binciken takardu tun kafin kuɗin ya iso, ta yadda ranar da ya shiga asusu kana da jerin gidajen da ba su da rigima.

Ka kuma shirya wa gasa da masu kuɗi a hannu. Dillali yana iya kai attajiri ya ga gida da safe ya biya da la'asar, kai kuwa sai an kimanta, an rubuta takarda, an jira sa hannun babban sakatare. Haka ta faru a Amurka, inda aka fara da sharaɗin cewa hukuma ta sayi gidajen da rangwamen kashi 15 cikin ɗari a matsakaici, bankuna suka ƙi sayarwa, masu zuba jari suka riƙa kwashe gidaje masu kyau, har aka rage sharaɗin zuwa kashi 1 a 2009, aka kuma fito da tsarin da yake ba hukumomi damar ganin gida da yin tayi kafin a fitar da shi kasuwa. Ka nemi irin wannan yarjejeniya a rubuce da bankunan da suke riƙe da takardu. Sannan ka riƙe sirrin lungunan da ka zaɓa har sai an gama ciniki, domin da zarar labari ya fita cewa gwamnati tana saye, kuɗin kango zai ninka a bakin dillalai.

Zaɓen wurin ma jarrabawa ce. Za a matsa maka ka raba aikin, gida biyu a Dala, uku a Gwale, ɗaya a Fagge, domin kowane ɗan siyasa ya sami abin nunawa. Ka ƙi, gwargwadon ikonka. Gida ɗaya da aka gyara a tsakiyar kangaye biyar ba ya canza komai, kuma ba da daɗewa ba za a sake ɓalle masa tagogi. Ka tattara ƙarfinka a lungu biyu ko uku inda mafi yawan gidaje har yanzu akwai mutane, ka gama da su gaba ɗaya har da kwata da fitilar kan titi.

Ranar da gida ya shiga hannunka, ka sa mai gadi daga cikin 'yan unguwa, ka gyara rufi da magudanar ruwa kafin komai. Kuɗin gyara yakan wuce kiyasi, musamman a ginin ƙasa, don haka ka bar rara a kasafin kowane gida. Wanda ba zai gyaru ba a rushe shi da izinin hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, a kewaye filin, a yanke abin da za a yi da shi tun kafin ya koma juji.

Saura tambayar wanda zai shiga. Shirin Amurka ya wajabta kashe aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kuɗin a kan iyalai masu ƙaramin ƙarfi, ya kuma sa mai saye ya halarci horon awa 8 a kan riƙon bashin gida. Mu ma muna buƙatar ƙa'ida a rubuce, a liƙa ta a ƙofar gidan mai unguwa, a fifita mazauna unguwar da iyalin da suka rasa gidan idan za su iya biya. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da gwamnatin Kano ta gina sun nuna mana cewa gina gida ya fi samun mai iya saye sauƙi. Mutane da yawa a Kano ba za su karɓi bashi mai ruwa ba, saboda haka ka tsara haya da take ƙarewa da mallaka, ko ka haɗa kai da bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, ma'aikata kuma a duba musu asusun gidaje na ƙasa da ake cire musu kashi 2.5 cikin ɗari na albashi dominsa. Ka sa sharaɗin cewa mai saye zai zauna a gidan na wasu shekaru kafin ya sayar, kuma kuɗin da aka samu ya koma asusun shirin domin lungu na gaba, a riƙa karanta lissafinsa a gaban mutanen unguwa duk bayan wata uku.