Shuɗin allo a kwamfuta: yadda ake gano musabbabinsa kafin a kai ga fomatin

Idan Windows ta ci karo da matsalar da ci gaba da aiki zai iya lalata bayanai, sai ta tsayar da komai ta nuna shuɗin allo. A sabbin nau'o'in Windows 11 an mayar da shi baƙi, amma saƙon iri ɗaya ne. Abin takaici, masu gyara da yawa da sun ji an ce shuɗin allo sai su ce a yi fomatin. Idan matsalar daga RAM take (wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), ko zafi, ko diski, fomatin ba ya maganinta: mutum ya rasa fayilolinsa, bayan kwana biyu allon ya dawo.

Abu na farko, ɗauki hoton allon da wayarka. A ƙasa akwai sunan matsalar da manyan baƙaƙe, wani lokaci har da sunan fayil mai ƙarewa da .sys. Idan kwamfutar tana sake tashi kafin ka karanta, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, sannan Settings na ƙarƙashin Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. A nan kuma ka zaɓi Small memory dump, domin duk lokacin da ta faɗi ta ajiye rahoto a C:\Windows\Minidump. Manhajar BlueScreenView ta kyauta tana buɗe waɗannan rahotanni. Idan ta nuna ntoskrnl.exe kada ka ɗora masa laifi; shi ne zuciyar Windows, a hannunsa abin ya faɗi kawai, mai laifin yana wani wuri.

Sunan matsalar yana nuna inda za ka dosa. MEMORY_MANAGEMENT da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA sun fi karkata ga RAM. DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na na'urar, galibi na Wi-Fi ko na USB. VIDEO_TDR_FAILURE na katin hoto ne: nvlddmkm.sys na Nvidia, igdkmd64.sys na Intel. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa kukan kayan cikin na'urar ne da kansu, sau da yawa zafi ko wuta. Idan kullum suna ɗaya ke fitowa, zargi direba. Idan yau wannan gobe wancan, zargi RAM ko zafi.

Sai ka tambayi kanka me ya canza kafin abin ya fara. Sabuwar firinta, modem, manhajar kashe bairos ta biyu a kan wadda ke akwai, ko sabuntawar Windows? Rubuta perfmon /rel a akwatin nan na Windows da R. Zai jera maka ranakun da aka girka abubuwa da ranakun da kwamfutar ta faɗi, ka ga wanne ya riga wanne. Cire duk abin da ke jone da USB in ban da linzami da allon rubutu. Direban da aka sabunta kwanan nan ana mayar da shi na baya ta Device Manager, a shafin Driver, da Roll Back Driver. Kada ka raina wannan mataki. A ranar 19 ga Yulin 2024 fayil ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya jefa na'urori kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, har jiragen sama suka kasa tashi, kuma gyaran shi ne goge fayil ɗin. Direba dai a ɗauko shi daga shafin HP, Dell, Lenovo ko wanda ya ƙera na'urar. Tarin direbobin nan da ake yawo da su a filashi ana zuba wa kowace kwamfuta suna yawan saka wanda bai dace ba.

Idan kwamfutar ba ta kai ka cikin Windows ba sam, kunna ta, da tambarin Windows ya fito ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Maimaita sau biyu ko uku, za ta shiga Automatic Repair. Danna Advanced options, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, ka danna 4 don Safe Mode. A nan Windows tana tashi da direbobi kaɗan. In ta zauna lafiya a Safe Mode, mafi yawan zato matsalar ta manhaja ce ko direba. Kwashe muhimman fayilolinka yanzu. Idan diskin yana kulle da BitLocker, makullin diski na Windows, za ta nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar.

RAM ya cancanci haƙuri. Rubuta mdsched a akwatin Windows da R, ka bar kwamfutar ta sake tashi ta yi gwaji, amma MemTest86 da ake ɗora wa filashi ya fi zurfi. Bar shi ya yi zagaye huɗu, ko da zai kwana. Kuskure ko guda ɗaya ne ya isa hujja. Kashe kwamfutar, cire caja da batir idan mai cirewa ne, danne maɓallin wuta na daƙiƙa 15, ka taɓa ƙarfe don sauke lantarkin jikinka. Buɗe murfin ƙasan laftof ɗin, ka buɗe 'yan maƙallan gefe biyu na katin RAM, zai ɗago. Duba haƙoransa masu ruwan zinare: idan sun yi duhu, goge su a hankali da magogin fensir, ka hure gurbin, ka mayar da shi a karkace har ka ji ƙas. Idan katuna biyu ne gwada kowanne shi kaɗai, sannan ka sauya gurbi, don wani lokaci gurbin ne ya lalace. A kwamfutocin da aka taɓa amfani da su da ake sayarwa a kasuwa ana yawan samun katuna biyu mabambanta da aka haɗa don adadin ya yi yawa, kuma ba kullum suke jituwa ba.

Zafi babbar matsala ce a wajenmu, ga ƙurar hunturu ga zafin Maris da Afrilu. Saka manhajar HWMonitor, mai nuna zafin na'ura, ka duba. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ke haura digiri 90 na Celsius alhali ba wani aiki mai nauyi ake yi ba yana neman taimako. Buɗe murfin ƙasa za ka tarar ƙura ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da haƙarƙarin jan ƙarfe. Riƙe fankar da yatsa kada ta juya, ka share da burushi mai laushi. Ɗaga jan ƙarfen, goge busasshen man sanyaya furosesa (thermal paste) da ke kansa, ka ɗiga sabo daidai ƙwayar wake. A daina ɗora laftof a kan katifa. Kwamfutar tebur da ke kan janareta kuwa tana buƙatar UPS, na'ura mai batir da ke kare ta daga ɗaukewa da canjin wuta, domin wuta mai hawa da sauka tana gajiyar da akwatin wutarta.

INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE yana da wata dabara. Idan agogon kwamfutar yana komawa baya, ƙaramin batirin allon uwa, CR2032 a yawancin kwamfutocin tebur, ya mutu, saitin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ya koma na asali. Shiga BIOS ka duba yanayin SATA, wato saitin yadda kwamfutar ke haɗuwa da diski. Idan an girka Windows a kan AHCI ya koma RAID, ko akasin haka, mayar da shi, ka sauya batirin.

Lafiyar diski shirin CrystalDiskInfo ke faɗa. In ya nuna Caution, kwashe bayananka kafin ka taɓa chkdsk, umarnin binciken diski na Windows, don dogon bincike yana iya ƙarasa diskin da ke gargara. In ya nuna Good, buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, bayan ya gama sai sfc /scannow. Ka riƙa sauya abu ɗaya kana jira ka ga sakamako. Sai RAM da diski da zafi duk sun fita lafiya sannan sake girka Windows yake da ma'ana, kuma a ɗauko ta daga shafin Microsoft. Idan bayan sabuwar Windows allon ya dawo tun ba a saka komai ba, mafi yawan zato allon uwa ne ko akwatin wuta, a kai wa mai gyara tare da hotunan da ka ɗauka.