Faifai ya ƙi tashi a DVD? Duba aikinka kafin ka zagi na'ura

Da wuya sati ya wuce wani yaro bai shigo shago da faifai a hannu ba, yana rantsuwa na'urar gidansu ta lalace. Na'ura lafiyarta ƙalau, ba ta san yaren da ka yi mata ba ne.

Babban kuskure shi ne ka kwashi fayil ɗin MP4 daga waya ka jefa a faifai kamar mai ajiye hotuna. Wannan ya taɓa ci min kuɗi da mutunci. Farkon shigata sana'ar na yi bonin bidiyon wani biki, wato naɗa shi a faifai, har faifai 30, na gwada a kwamfuta ya yi, na miƙa. Washegari uwar amarya ta aiko a kira ni, mata sun cika falo, talabijin ba ya nuna komai sai No Disc. "Ɗan nan, wannan shi ne aikin?" Ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba. Kwamfuta komai ka ba ta za ta buɗe. Ita kuwa DVD, a faifai abin da ta sani shi ne bidiyo nau'in MPEG-2, a cikin folda mai suna VIDEO_TS, da fayilolin VOB da IFO da BUP. Idan ka buɗe faifanka ba ka ga waɗannan ba, ba ka yi komai ba tukuna. Ni da manhajar DVD Flick nake haɗawa, in yi bonin da manhajar ImgBurn.

Masu goge mp4 a ƙarshen sunan fayil su rubuta avi kuma, don Allah ku bari. Ka sauya wa jaki suna, ya zama doki?

Na biyu da ya wahalar da ni shi ne baki ya riga murya, ko murya ta riga baki. Mintin farko daidai, kafin a kai rabi ango na motsa baki maroƙi ne ke magana. Waya ba ta ɗaukar hoto da gudu ɗaya, tana ƙarawa tana ragewa. Kafin komai nakan bi da bidiyon ta manhajar HandBrake in tsayar da gudun a hotuna 25 cikin daƙiƙa, sannan a tafi wajen haɗawa. Sautin kuma a saita shi ya zama nau'in AC3 a kan 48 kHz. Wasu na cewa ɓata lokaci ne. Su ta shafa, ni na daina jin kunya a falon mutane.

A tsarin hoton talabijin PAL za ka zaɓa, mai faɗi 720 da tsayi 576, shi ake amfani da shi a Najeriya. Manhajoji da yawa a kan tsarin NTSC na Amurka suke zuwa, tsohon talabijin kuwa sai ya nuna maka baƙi da fari.

Kada ka cusa awa huɗu a faifan 4.7 GB, fuskoki za su farfashe. Ni ba na wuce awa biyu. Gudun bonin a sa shi a 4x ko 8x, gaggawa ke sa faifai tsalle. Ka rufe faifan a cikin manhajar, wato finalize, bayan an gama. Idan ta filashi za ka kunna, a yi wa filashin fomat na FAT32, fayil ɗin ya zama AVI nau'in Xvid, faɗinsa kada ya haura 720, girmansa ƙasa da 4 GB.

Akwai wata tsohuwar DVD mai tsirfa a ƙarƙashin teburina, murfinta ma da salatif yake. Faifan farko ita nake ba, sai ta karɓa nake taɓa na biyu.