Ku shafe bakin ɗanyen katako kafin ya tsage

'Yan uwa kafintoci, in kun sauke ɗanyen katako daga wajen masu injin yanka, ku shafe bakinsa biyu, wato ƙarshensa na nan da na can, da fentin mai a ranar, kada ku bari sai gobe. Ragowar fentin da ya rage a gindin gwangwani ma ya wadatar. In babu, ku narka kyandir ku shafa da kauri.

Ruwan da ke cikin katako ya fi saurin fita ta baki fiye da ta jiki, nesa ba kusa ba. Sai bakin ya bushe ya tsuke alhali tsakiya na nan jiƙe, daga nan tsaga ta fara, ta yi ta bin tsawonsa. Lokacin hunturu abin ya fi muni. Madacin da ka biya da tsada, ƙarshe ka datse kusan taƙi guda kowane gefe ka kai wa mai shayi ya hura wuta.

Bayan shafawa, ku jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa.

Amma fa fentin ruwa na bango ba ya toshe bakin sosai kamar fentin mai ko kyandir. In bakin ya riga ya tsage, sai an yanke wurin da zarto tukuna sannan a shafa, in ba haka ba tsagar za ta ci gaba a ƙarƙashin fentin. Wanda kuma aka yasar a tsakar rana, ko an shafa sai ya lanƙwashe.