Kafin ka sayi dashen farin fir, murza ganyensa

'Yan uwa mazauna Amurka, musamman Kolorado da Yuta da Kalifoniya, ga wata dabara da za ta hana ku asarar kuɗi a wurin masu sayar da dashe, in za ku sayi bishiyar farin fir.

Tsinki ganye ɗaya, mai siffar allura, ka murza shi tsakanin yatsu biyu.

In ya ƙi mirginawa, falle ne kuma da laushi, to fir ne. In ya mirgina ya kuma soke ka, sifurus ne, wata bishiya mai kama da fir, don ganyensa kusurwa huɗu gare shi. Daga nesa duk su biyun shuɗi-shuɗi suke, shi ya sa mutane ke ruɗewa.

Sai ka sansana yatsunka. Farin fir, wato Abies concolor, ƙamshin ɓawon lemo yake yi. Ni kam wannan ƙamshin kaɗai ya isa in saye shi.

Amma ka kula, Dagalas fir, wata bishiya daban, shi ma ganyensa falle ne, nan murzar ba ta aiki. Sai ka dubi 'ya'yan. Na farin fir tsaye suke a saman rassa, a kan bishiya suke warwatsewa. Na Dagalas a rataye suke, su faɗo ƙasa a dunƙule.

In filinka laka ce mai riƙe ruwa, kada ka sayi farin fir. Yana jure fari, amma saiwarsa ruɓewa take cikin danshi.