Yadda Za Ki Sa Wa Atisayen Sandar Bale Rai

A rawar Turawa da ake kira bale (ballet), yarinya takan iya filiye (lanƙwasa gwiwoyi a sauka) da tandu (zura ƙafa a miƙe, yatsu na taɓa ƙasa) daidai wa daida, gwiwa a saitin yatsun ƙafa, baya a miƙe, amma mai kallo ya yi hamma. Abin da nake faɗa wa 'yan matan da nake koya wa a tsakar gidanmu, unguwar Zariya a nan Maradi, shi ne rawa a jikin sandar da ake dafawa wajen atisaye take farawa, ba sai an fito tsakiyar fili ba.

Ki fara da hannun da ke kan sandar. Tamu bututun ƙarfe ce da mai walda ya kafa mana, in babu, bayan kujera ma ya isa. Ɗora yatsunki a kai ɗan gaba da jikinki, kada ki damƙe. Da zarar kin damƙe, kafaɗa ta ɗaga, wuya ya sandare, fuska ta murtuke.

Sai kiɗa. Kafin ki motsa, ki saurare shi sau ɗaya kina tsaye. In an ba ki ƙirga huɗu na sauka a filiye, ki cinye huɗun duka. Kada ki faɗa ƙasa a na biyu ki zauna jira. Ki ja numfashi lokacin da hannu ke buɗewa, ki sake shi kina sauka. Kowane atisaye da halinsa: fondu laushi gare shi, gwiwoyi biyu su lanƙwashe tare su miƙe tare, firafe kuwa zafin nama yake so, ƙafa ta fita fyat. Wadda ta yi su da murya ɗaya ba ta ji kiɗan ba.

Inda na fi tsanantawa shi ne kai da ido. Rawar nan a fada ta girma, Sarki Luwi na 14 ne ya kafa mata majalisar malaman rawa a Faris a 1661, kuma mai rawa gaban sarki ba ya kallon ƙasa. Wuyan da ake nema kuwa muna da shi: ki dubi yadda mai talla ke ɗauke da tire a Babbar Kasuwa, kai a ɗage, kafaɗu a sake, ido na yawo inda ya so. Haka nake son ki tsaya. In tandu ya tafi gaba, ki juya fuska wajen hannun da ke buɗe. Gefe, ki dubi gabanki. Baya, ki ɗan rusunar da kai kina leƙen tafin hannun. Makarantu sun ɗan sha bamban a nan, ni tsarin Agrippina Vaganova, malamar bale ta Rasha, na fi so, don kafaɗa da kai suna aiki tun daga sanda. Ido ya bi hannu har inda ya tsaya, ba yatsun ƙafa ba. Murmushin dole kuma, don Allah a bar shi.

Kada ki ɗora duka rana ɗaya. Wannan mako numfashi, mai zuwa ido. Ki jingina waya ta ɗauke ki bidiyo daga ƙugu zuwa sama kawai, ki gani ko rabin jikin nan yana cewa wani abu.

A watan Afrilu da Mayu, bayan sallar asuba muke yi, kafin ƙarfen ya ɗau zafi. Dabenmu siminti ne, saboda haka tsalle ba ya cikin darasin.