Kurakuran da aka fi yi wajen kula da kayan haɗa manhajar intanet

Kusan duk manhajar da aka gina da React, Angular, Vue ko Rails tana da wasu kayan aiki a bayanta da mai amfani ba ya gani: webpack ko Vite, Babel, Sass, npm, da shi kansa Node.js. Su ne ke ɗaukar abin da ka rubuta su mayar da shi fayilolin da burauza za ta iya karantawa, aikin da ake kira haɗi. Muddin suna aiki babu mai waiwayarsu, sai ranar da suka ƙi, kuma galibi ranar da ake gaggawar fitar da wani gyara ce.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne toshe bakin matsala maimakon gyara ta. A watan Oktoban 2021 Node.js 17 ya fito da OpenSSL 3, wato kayan tsaron bayanai da yake amfani da shi, wanda ya daina barin a yi amfani da tsohuwar hanyar lissafi ta MD4 kai tsaye. Webpack 4 kuwa da ita yake ƙirƙirar tambarin fayiloli, don haka aikin haɗi ya riƙa tsayawa da saƙon ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED. Da yawa ba su ci karo da wannan ba sai da aka rufe tallafin Node.js 16 a Satumbar 2023, dole ta sa suka koma 18. Me aka yi? Aka liƙa --openssl-legacy-provider a cikin umarnin haɗi, aiki ya tashi, kowa ya manta. A ranar gaggawa babu laifi a yi hakan. Laifin shi ne a bar shi shekara da shekaru, alhali saƙon yana gaya maka cewa webpack ɗinka ya tsufa, kuma maganin gaskiya shi ne ka koma sabuwar siga.

Haka abin yake da --legacy-peer-deps da --force, waɗanda ake liƙa wa npm, mai ɗora fakiti (wato kod ɗin wasu da manhajarka ke amfani da shi), don ya wuce saɓani ba tare da tsayawa ba. Tun daga npm 7, idan fakiti biyu suka yi saɓani kan sigar da suke buƙata ta wani fakiti na uku, npm yana tsayawa da saƙon ERESOLVE. Wannan bayani ne mai amfani: wani fakiti da ka dogara da shi bai ce ya dace da sigar React ɗin da ka ɗora ba. Idan ka tilasta, saɓanin yana nan, ka dai ɗage shi ne zuwa lokacin da wani zai danna maɓalli a shafinka ya ga farin allo. Gyaran yana farawa da npm explain tare da sunan fakitin, don ka ga wa ya jawo shi da kuma dalili. Sau da yawa za ka tarar akwai sabuwar sigar da ta warware saɓanin. In babu, ka yi amfani da sashen overrides a package.json, fayil ɗin da ke lissafa fakitin aikinka, ka taƙaita tilastawar ga fakiti ɗaya tak, ka kuma rubuta a wurin da abokan aiki za su gani dalilin yin haka da sharaɗin cire shi. Dabarar wucin gadi da ba a rubuta dalilinta ba, takan zauna daram, domin wanda ya zo daga baya tsoron taɓa ta yake yi.

Daga nan sai kuskuren da sakaci ke haifarwa: a bar komai ya taru, sannan rana ɗaya a ɗaga sigar Node, da webpack, da TypeScript, da ginshiƙin manhajar gaba ɗaya. Idan abu ya lalace, wa za ka kama? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma jinkirta sabuntawa ba ya rage aikin, ƙara shi yake yi. Ka ɗaga abu ɗaya, ka gwada, ka ajiye shi shi kaɗai a git, ma'ajiyar tarihin canje-canjen kod, sannan ka wuce na gaba. Da haka git bisect zai iya nuna maka ainihin canjin da ya kawo ɓarna. Masu Angular ma sun faɗa a sarari cewa ng update siga babba ɗaya bayan ɗaya ake binsa, ba a tsallake. Dependabot ko Renovate suna taimakawa wajen kawo ƙananan sabuntawa a kai a kai, da sharaɗin akwai mai dubawa. Idan buƙatunsu suka taru babu mai buɗewa, ba su da wani amfani.

Fayil ɗin kulle, wato package-lock.json ko yarn.lock ko pnpm-lock.yaml, wanda ke riƙe da ainihin sigar kowane fakiti da aka ɗora, shi ma yana shan wulaƙanci. Ana yawan ba da shawarar a goge shi tare da node_modules, jakar da fakitin ke zama a ciki, a sake ɗorawa. Goge node_modules ba komai ba ne. Goge fayil ɗin kulle kuwa yana nufin ka sabunta ɗaruruwan fakiti a lokaci guda ba tare da ka san waɗanne ba, domin alamar ^ da ke gaban lambar siga tana ba npm damar ɗauko kowace sabuwar ƙaramar siga. Abin ya wuce batun lalacewar aiki: a 2018 an cusa mugun kod a wata sabuwar siga ta event-stream, kuma irin wannan damar ce ta shigar da ita ayyukan mutane. Ka ajiye fayil ɗin a git, kada ka haɗa na npm da na Yarn a aiki ɗaya, kuma a injin da ke gwaji da haɗi ka yi amfani da npm ci, wanda ke ɗora abin da ke rubuce kawai, ya tsaya idan fayil ɗin bai dace da package.json ba. Sigar Node ma a rubuta ta a .nvmrc da sashen engines, don kwamfutarka da ta abokin aikinka da sabar su zama baki ɗaya.

Akwai wani yaudarar kai da nake ganin ba a cika magana a kansa ba, wato ɗaukar cewa tunda haɗi ya kammala babu jan rubutu, to komai lafiya. Webpack 5, wanda ya fito a Oktoban 2020, ya daina cusa madadin kayan Node a burauza da kansa. Kod ɗin da ke kiran process ko Buffer zai iya wucewa lokacin haɗi, sai an buɗe shafi ya faɗi. Wanda ya ƙaura daga Create React App, tsohon kayan fara aikin React, zuwa Vite ma yakan faɗa irin wannan ramin: sunayen da ke farawa da REACT_APP_ dole su koma VITE_, a kuma karanta su ta import.meta.env. A nan sai a yi hattara, domin duk abin da ka sa wa VITE_ zai shiga fayil ɗin da kowa zai iya buɗewa a burauzarsa, saboda haka mabuɗin sirri ba wurinsa ba ne. Kuma yadda Vite ke hidima lokacin da kake rubutu ya bambanta da yadda yake haɗin ƙarshe. Bayan kowace sabuntawa ka yi haɗin ƙarshe, ka buɗe shi da vite preview ko makamancinsa, ka bi muhimman shafuka da hannunka, ka kwatanta girman fayiloli da na jiya. Idan nauyi ya ninka ba dalili, wani abu ya shigo sau biyu.

Wani lokaci kuma ba sabuntawa ake buƙata ba, sauyi ne. An ayyana LibSass da node-sass, masu sarrafa Sass, a matsayin waɗanda aka daina bunƙasawa tun 2020, magajinsu shi ne fakitin sass. Rails 7 ya bar Webpacker a ƙarshen 2021, React kuma ta sanar da ajiye Create React App a Fabrairun 2025. Wanda ke kan ɗaya daga cikinsu yana ta gudanar da npm audit fix --force don toshe ramukan tsaro wahalar banza yake yi, kuma umarnin na iya sauya masa manyan sigogi ba shiri. Gara ya ware lokaci ya tsara ƙaura.

Ka leƙa browserslist ɗinka ma, wato jerin burauzojin da manhajarka za ta yi aiki a kansu. Microsoft ta daina tallafa wa Internet Explorer 11 a Yunin 2022, amma ayyuka da dama har yanzu suna lissafa shi, suna aika wa kowa kod mai nauyi saboda shi. Ka duba ƙididdigar masu ziyartar shafinka tukuna, in babu mai amfani da shi ka cire.

Sai ranar fitarwa. Sabon kayan haɗi yakan sauya tambarin da ke cikin sunayen fayiloli baki ɗaya. Mutumin da ya buɗe shafinka kafin fitarwa yana riƙe da tsoffin sunaye, idan ka goge su daga sabar nan take, yana matsawa shafi na gaba zai ga ChunkLoadError. Ka bar tsoffin fayilolin na ɗan lokaci, kada ka bari burauza ta daɗe tana riƙe da index.html, kuma ka sa manhajar ta sake loda kanta idan wani gutsuren fayilolinta ya ƙi zuwa.