Dillali mai shago a cikin kasuwa: yadda nake karanta shafin Google kafin in sayi kaya

Shekarata shida a Hamburg, kuma ba a yin wata guda Yaya bai aiko mini da saƙon murya daga Kano ba. "Ƙanena, duba mini kuɗin keken ɗinki a wajenku." Wani lokaci kwamfuta ce, wani lokaci agogo. Da can abin da nake yi bai wuce in rubuta sunan kayan a Google ba, in ɗauki hoton farashin da ya fara bayyana a sama in tura masa, shi ke nan na sauke nauyi. Yanzu nakan ɗan ɓata minti biyar kafin in ba shi amsa, kuma waɗannan mintuna biyar ɗin nake so in koya maka.

Ka ɗauka baƙo ne ya sauka Kantin Kwari yana neman shadda, ya tambayi dillali. Dillalin ya san kowane layi, gaskiya ne, amma shi ma yana da shagonsa. Ina kake jin zai fara kai baƙon? To a kan wannan aka yi shari'a a Turai shekara da shekaru. Hukumar Tarayyar Turai ta buɗe bincike a kan Google a watan Nuwamba 2010, bayan ƙorafin wasu kamfanoni, ciki har da wani ɗan ƙaramin shafin kwatanta farashi na Ingila mai suna Foundem. Ranar 27 ga Yuni 2017 kwamishiniyar gasar kasuwanci Margrethe Vestager ta ci Google tarar Yuro biliyan 2.42. Laifin shi ne yana ɗora nasa sashen saye-saye, Google Shopping, a ƙoli da hotuna, yana tura abokan hamayya can ƙasa. Hukumar ta gano cewa ko wanda ya fi kowa matsayi cikinsu sai ka kai wajen shafi na huɗu kafin ka gan shi, alhali kusan kashi 95 cikin ɗari na latsawar mutane a shafin farko take ƙarewa. Wa ke zuwa shafi na huɗu? Ni dai ban taɓa ba. Google ya ɗaukaka ƙara har sau biyu, babbar kotun Turai da ke Luksambur ta tabbatar da hukuncin ranar 10 ga Satumba 2024.

Abu na farko da za ka koya wa idonka shi ne rarrabe abin da ke kan shafin, domin ba iri ɗaya ba ne ko da yake an jera su kamar 'yan gida ɗaya. Akwai talla, wadda aka biya kuɗi aka saka ta. Za ka ga an rubuta "Sponsored" a kanta, a nan Jamus "Gesponsert". Jerin hotunan nan masu farashi da ke saman shafi, galibi talla ce. Kasancewarta a sama ba ya nuna ita ce mafi araha, yana nuna mai kayan ya yi tayin kuɗi ya samu wurin. Akwai kuma akwatunan Google kansa: taswira da sunayen shaguna uku a ƙarƙashinta, farashin otal, jiragen sama, bidiyon YouTube, da kuma taƙaitaccen bayanin nan da na'ura ke rubutawa a sama. Duk 'yan gida ne. Sai can ƙasa ka iske ainihin sakamakon bincike, shafukan mutane da suka hau da ƙarfinsu.

Wani ƙaramin abu da na daɗe ban lura da shi ba: a nan Turai, in ka duba ƙasan kowane hoton kaya a jerin tallan, akwai 'yar rubutu da ke cewa "Von" wane, wato ta hannun wa tallar ta shigo. Wani za ka ga Google, wani sunan wani shafin kwatanta farashi. Wannan 'yar rubutun ita ce 'yar hukuncin 2017, domin tun lokacin aka tilasta a bar wasu su ma su yi tayi a wurin. Masu ƙorafin sun ce gyaran gangar auzinawa ne, tunda har yanzu mai gidan suke biya kafin a gan su. Ina ganin suna da gaskiya.

Na biyu, ka share akwatunan gaba ɗaya ka ga abin da zai rage. Bayan ka yi bincike, dubi layin da ke ƙarƙashin wurin rubutu, inda hotuna da labarai da bidiyo suke. Nemi "Web". In bai fito fili ba, yana cikin "More". Tun watan Mayu 2024 aka saka shi, kuma da ka latsa, taswira da sauran ado za su ɓace, a bar maka jerin shafuka zalla kamar yadda Google yake a da. In a kwamfuta kake, ƙara &udm=14 a ƙarshen adireshin shafin, abu ɗaya yake yi. Talla kan iya leƙowa har a nan, sai ka kula.

Na uku, kar ka tsaya ga dillali ɗaya. Kalmomin da ka rubuta ɗin nan, ka maimaita su a wani injin bincike. Sai dai ka sani cewa wasunsu rijiya ɗaya suke ɗiba: DuckDuckGo da Yahoo daga Bing na Microsoft suke samun mafi yawan sakamakonsu, don haka duba su ukun ba shaidu uku ba ne. Brave yana da nasa rumbun. Ni kam in kaya zan saya, kai tsaye nake shiga idealo ko Geizhals, in ga farashin shaguna da yawa a jere, da yadda kuɗin ya hau ya sauka a watannin baya. Idealo ɗin ma ya maka Google a kotun Balin a 2019 yana neman diyya.

Da na gaya wa Yaya duk wannan, dariya ya yi. "To ni ina ruwana da shari'ar Turawa?" Na ce, Yaya, ai kai ya fi shafa. Dokar kasuwannin intanet ta Tarayyar Turai, wadda ake kira DMA, ta fara aiki a kan manyan kamfanoni ranar 7 ga Maris 2024. Ta hana su fifita kayansu a jerin sakamako, kuma tararta na iya kai kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duk duniya. A makon da ta fara na nemi adireshin wani shago, na latsa 'yar taswirar, ta ƙi kai ni Google Maps. Na zaci wayata ce ta lalace, har na kashe na kunna. Ashe an cire mahaɗin ne saboda dokar. Ba zan ɓoye ba, na ji haushi, don taswirar tana sauƙaƙa mini, kuma hujjar da Google ke kawowa ke nan: mutane na son amsa nan take. Amma dokar nan iyakarta ƙasashen Tarayyar. Shafin da Yaya ke gani a Kano ba a taɓa shi ba, don haka abin da doka ta yi mini, shi da yatsansa zai yi wa kansa.

Wannan ya kawo mu ga saitin waya. Da na sayi sabuwar wayar Android a nan, tun kafin in saka hoton fuska ta jero mini injunan bincike ta ce in zaɓa. Wannan ya samo asali ne daga wata tarar ta daban, ta Yuro biliyan 4.34 a watan Yuli 2018. Wayar da aka saya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ba za ta tambaye ka ba. Buɗe Chrome, latsa ɗigo ukun da ke kusurwa, shiga "Settings", sai "Search engine", ka zaɓi wanda kake so. A iPhone cikin saitin Safari yake. In kana ganin wannan ƙaramin maɓalli ba komai ba ne, a shari'ar da aka yi a Amurka ya fito cewa a shekarar 2021 kaɗai Google ya biya Dala biliyan 26.3 ga su Apple da sauransu don ya zama shi ne a saite tun daga masana'anta. A watan Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa kamfanin ya riƙe kasuwar ta hanyar da doka ta hana.

In kuma kai mai sayarwa ne, shafinka ya nutse ba gaira ba dalili, ka riƙa ɗaukar hoton sakamakon da kwanan wata, kalma ɗaya, mako-mako. Baki ba ya cin shari'a. A Najeriya hukumar kula da gasar kasuwanci da kare masu saye, FCCPC, ce ke karɓar irin wannan ƙorafi. Amma ka tuna daga 2010 zuwa 2024 aka kai kafin a rufe maganar a Turai, don haka ka ajiye lambobin masu cinikinka a hannunka tun yau.

Keken ɗinkin dai farashi uku na tura wa Yaya daga wurare uku, na rubuta masa wanne ne talla. Ya zaɓi na tsakiya, ya ce in tambayi kuɗin jirgin ruwa zuwa Legas.